An yi wa naku aikin zuciya? Ga abubuwan da ke jawo matsala bayan an dawo gida da yadda za ku tare su

Ranar da aka fito da Babanmu daga ɗakin tiyata ya buɗe ido ya gane mu, waya muka yi ta bugawa gida ana ta alhamdulillahi, mu a tunaninmu shikenan an gama. Baifas aka yi masa, wato aikin da ake ciro jijiya daga wani wuri a jiki, kamar ƙafa, a yi wa jini sabuwar hanya ya kewaye jijiyar zuciya da ta toshe, shi jijiyoyi uku aka yi masa. Sati uku da dawowarmu gida ɗinkin ƙirjin ya fara tsattsafo da ruwa, muka koma asibiti muka sake kwana goma sha, kuma da aka bincika ba komai ya jawo ba illa suga da ya hau babu mai aunawa. Tun daga lokacin na ɗauki abin nan da gaske, na yi ta tambayar likitoci da nas-nas, kuma abin da na gane shi ne yawancin matsalolin da ke biyo bayan aikin zuciya ba daga sama suke faɗowa ba, tun kafin a yanka mutum likita ya san wanda ya fi kusa da su. To ku masu jinya ku ma ya kamata ku sani. Maganar likitanku tana gaba da tawa a ko'ina, amma ga yadda za ku bi abin daki-daki.

Mataki na farko, kar ku bar asibiti sai kun san matsayin majinyacinku

Ku samu likitan ku zauna, ba a tsaye a bakin ƙofa ba, ku tambaye shi kai tsaye: likita, a cikin abubuwan da ke kawo matsala wanne ne yake da shi? Akwai waɗanda ba yadda za a yi da su, kamar shekaru, wanda ya haura 70 jikinsa ba zai murmure kamar na ɗan 45 ba. Haka wanda aka yi wa aikin cikin gaggawa bayan bugun zuciya, da wanda wannan ne karo na biyu da aka buɗe masa ƙirji, da wanda ya daɗe a kan injin nan da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon ƙoda ko tsohon ciwon huhu. Sannan ku duba takardar hoton zuciya, eko, akwai wata lamba da ke nuna ƙarfin bugawar zuciyar, ta mai lafiya tana kai kashi 55 zuwa sama, in kun ga ta sauka ƙasa da 35 to zuciyar tana da rauni kuma sai an ninka lura. Likitoci ma suna da ma'aunin da suke zuba waɗannan bayanan ya fitar musu da lissafin haɗarin, ɗaya sunansa EuroSCORE, ba laifi ba ne ku tambaya nawa naku ya samu.

Sai waɗanda suke hannunku: suga, hawan jini, taba, ƙiba, ƙarancin jini, rashin cin abinci mai gina jiki, da ruɓaɓɓen haƙori. A kansu zan fi tsayawa.

In a waje aka yi aikin, Indiya ko Masar kamar yadda mutanenmu da yawa suke zuwa, dan Allah kar ku hau jirgi sai da cikakken rahoton aikin a hannu, da sunayen magunguna na asali ba sunan kamfani ba, don sunan da ke jikin kwalin can ba lallai ku same shi a kemis ɗin gida ba. In bawul aka canza, wato 'yar ƙofar cikin zuciya da ke hana jini komawa baya, a rubuta muku wane iri ne, na ƙarfe ko na nama. Jirgi kuma sai likita ya yarda, galibi ba a bari kafin kwana 10 zuwa 14, kuma a cikin jirgin a riƙa tashi ana ɗan takawa saboda zama wuri ɗaya na awanni yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Sannan tun kafin ku taso ku nemi likitan zuciya a gida da zai karɓe ku.

Mataki na biyu, suga da ɗinki

Nan ne muka sha wuya, shi ya sa na sa shi a gaba. Ciwon suga shi ne babban abin da ke sa ɗinkin ƙirji ya ƙi warkewa ko ya kama ƙwayoyin cuta, ƙiba da taba suna biye da shi, in mutum ya haɗa ukun to sai a yi da gaske. Cutar da ke shiga can ciki har ta taɓa ƙashi ba ta da yawa, kamar mutum 1 ko 2 cikin 100, amma wanda ta kama wallahi yana jin jiki, wani sai an sake buɗe ƙirjin an wanke. Kuma tiyata ita kanta tana tayar da suga, ko wanda da ƙwaya kawai yake sha zai iya buƙatar allurar insulin na ɗan lokaci, kar ku ɗauka ciwon ne ya ƙaru har ku ƙi yarda.

Ku sayi na'urar awon suga, ba tsada gare ta ba in aka kwatanta da kuɗin da kuka riga kuka kashe. A auna da safe kafin a ci komai, a sake bayan awa 2 da cin abinci, a rubuta. Abin da ake so kar ya riƙa wuce 180, in kuma na'urarku mai ƙananan lambobi ce to 10 kenan. In ya sauka ƙasa da 70, wato wajen 4, mutum yana rawar jiki yana zufa, shi ma haɗari ne, a ba shi abu mai zaƙi nan take a kira likita.

Abin da ya ci mu mu kam 'yan dubiya ne, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Wannan ya zo da katan ɗin lemo, wancan dabino, wata ta damo fura ta zuba suga da nono, wata kunun gyaɗa, Baba kuma ba ya iya cewa a'a don kar a ce ya raina. Ku zaɓi mutum ɗaya a gidan mai iya tsare gida, shi ne zai karɓi kayan dubiya ya yi godiya ya ajiye, abincin majinyaci kuma daga hannu ɗaya yake fitowa. A ba shi ƙwai, kifi, wake, kaza, nono marar suga, don jiki ba ya haɗe rauni sai da irin waɗannan, kuma in ba ya son ci a raba masa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida.

Ɗinkin kuma kullum da safe a buɗe a duba shi a cikin haske, a wanke hannu da sabulu tukunna. Ruwa da sabulu marar turare ya isa, a ɗan danna tawul mai tsabta ya bushe, ba gurzawa. Kar a shafa man shanu, man kaɗe, zuma, toka, man zafi ko wani garin magani, komai wanda ya kawo shi. In kun ga ja yana faɗaɗa, ko wurin ya yi zafi, ko kumburi, ko ruwa ko mugunya, ko baki ya buɗe, a ranar za ku tafi ba gobe ba. Mace mai cikar ƙirji ta sa rigar mama mai laushi marar ƙarfe ko da dare, don nauyin yana jan ɗinkin, kuma a riƙa busar da ƙarƙashi saboda zufa. Kar a manta da ƙafar da aka ciro jijiya, ita ma ɗinki ce, tana kumbura na makonni, a ɗora ta kan filo in ana zaune.

Mataki na uku, ƙashin ƙirji

Mutane suna ganin fata ta haɗe sai su ɗauka an warke. Ƙashin tsakiyar ƙirji raba shi aka yi gida biyu aka ɗaure da wayoyin ƙarfe, karaya ce sosai, tana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ta kama, ga tsoho ko mai suga ko mai ƙiba har wata 3. A wannan tsakanin ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, kun ga kenan bokitin wanka ya fita, jarka ta fita, jan guga a rijiya, daka, goyo, ɗaga jika, tura mota, tayar da janareto mai igiya, duk a haƙura. Tuƙi sai bayan sati 4 zuwa 6 in likita ya yarda, babur kuwa da adaidaita a hanya mai gargada ku nisance su gwargwadon iko.

Wurin tashi ne aka fi yin ɓarna ba a sani ba, mutum ya dafa ƙasa da hannu biyu ya tura jikinsa sama, ko ɗansa ya kamo hannayensa ya ja shi. Kar a yi. In zai sauka daga gado ya juya gefe, ya zuro ƙafafu, ya rungume ƙirjinsa ya tashi da ƙarfin ƙafa. Katifar ƙasa da tabarma da masai na tsuguno duk suna tilasta dafawa, a samo gado da kujera, a samo kujerar masai. Sallah ma a yi ta a zaune kan kujera zuwa lokacin da likita zai ce ƙashin ya kama, addini ya ba da wannan sauƙin, dattawanmu ne dai suke jin nauyi, sai an lallashe su, mu sai da muka roƙi limamin unguwa ya zo ya yi wa Baba magana. In ana jin ƙas-ƙas a ƙirji lokacin tari ko juyi kamar ƙashi yana motsi, a gaya wa likita da wuri.

Mataki na huɗu, huhu

Wanda ya sha taba shekara da shekaru shi ya fi shiga haɗarin ciwon huhu bayan aiki, shisha ma taba ce kar wani ya ruɗe ku. In ba a riga an yi aikin ba a daina aƙalla sati 4 kafin ranar, bayan aiki kuma ba komawa, kuma ba mai sha a kusa da shi. Matsalar ita ce tari yana da zafi, sai majinyaci ya riƙa danne shi yana numfashi sama-sama, majina ta taru a ƙasan huhu, daga nan sai zazzaɓi. Maganin abin a ba shi maganin ciwon da aka rubuta a kan lokaci, ya rungume filo a ƙirji ya yi tarin da kyau. 'Yar robar nan mai ƙwallaye da ake zuƙa don buɗe huhu, ba ta ajiya a kan durowa ba ce, sau 10 duk awa in yana farke. Tafiya kuma tun satin farko, minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a rana a tsakar gida, ana ƙarawa a hankali har a kai minti 30, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Kwanciya wuni guda ita ke kawo ciwon huhu da daskarewar jini, tausayin da ke hana majinyaci motsi cutarwa ne. A raba shi da hayaƙin murhu da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi da ƙurar hunturu, mai mura kuma ya yi dubiyarsa ta waya.

Mataki na biyar, bugun zuciya da ƙwaƙwalwa

Kusan mutum 1 cikin 3 zuciyarsa takan rikice da bugu bayan aiki, tana sauri ba tsari, an fi gani a rana ta 2 zuwa ta 4, tsofaffi da waɗanda aka yi wa bawul sun fi samu, kuma tana iya dawowa bayan an koma gida. Haɗarinta shi ne jini yakan taru ya dunƙule a cikin zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa. Ku koyi jin bugun a wuyan hannu, ko na'urar awon hawan jini ta nuna muku. In yana hutawa ya wuce 120, ko ya sauka ƙasa da 50, ko yana tsalle-tsalle da jiri da haki, a kira likita. Maganin rage bugun zuciya da aka ba shi kar a tsayar da shi rana ɗaya don an ga ya ji sauƙi, haka asfirin da maganin kitse ga wanda aka yi wa baifas, su ke hana sababbin jijiyoyin toshewa. Goro da shayi mai kauri a rage.

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ya daina gani kwatsam, ba a jira a ga yadda za ta kaya, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti.

Mataki na shida, ruwa da ƙoda

Ku sayi sikeli. Kullum da safe bayan ya yi fitsari kafin ya karya ya hau, a rubuta. In ya ƙaru da kilo 1 a kwana ɗaya ko kilo 2 a sati, wannan ba ƙiba ba ce ruwa ne yake taruwa, musamman in ƙafa ta kumbura ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo. Mai raunin zuciya da mai ciwon ƙoda su ne a sahun gaba a nan. Gishiri a rage sosai, kuma ku tuna dunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma haka, kilishi da yajin tsire da taliyar leda duk suna ciki.

Ƙoda takan ɗan jigata lokacin aikin, mafi yawa tana farfaɗowa, kaɗan ne ke kaiwa ga wankin ƙoda. Abin da ke ƙarasa ta shi ne magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kemis, kar a ba shi ko ɗaya. In fitsari ya ragu sosai, ko yana amai da gudawa alhali yana shan maganin sa fitsari, a tuntuɓi likita a ranar. Azumi kuma, ko na Ramadan ko na nafila, sai an tambaya, ga zafinmu ga maganin fitsari.

Mataki na bakwai, masu bawul da wafarin

Wannan ya shafi matasanmu da yawa, musamman mata, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba ya lalata musu bawul. Wanda aka sa wa na ƙarfe zai sha wafarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwarsa, ba hutu. In ya yi kaɗan jini ya daskare a kan bawul ɗin, in ya yi yawa jini ya ɓalle. Gwajin INR ne ke nuna inda ake, yawanci ana son 2 zuwa 3, ga wasu bawul ɗin 2.5 zuwa 3.5, likita zai faɗi naku, a farko ana yi a kai a kai har ya daidaita sannan a koma kamar wata-wata. Tun kafin a yi aikin ku binciki inda ake wannan gwajin kusa da ku da kuɗinsa, wanda ke ƙauye mai nisa ya faɗa wa likita gaskiya tun kafin a zaɓi irin bawul ɗin.

Ganye kamar zogale da alayyahu da kabeji suna rage ƙarfin wafarin, amma ba cewa aka yi a daina ci ba, a riƙa ci daidai wa daida, ba yau kwano guda na kwaɗon zogale ba sannan a yi wata ba a taɓa ba. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle, maganin tarin fuka kuma yana kashe masa ƙarfi, don haka duk inda za a rubuta masa magani ya fara cewa ina shan wafarin. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da haɗin masu tallan magani a mota a bar su gaba ɗaya. Ƙaho da tsaga da cire haƙori a wurin wanzami babu su. Haɓo da ya ƙi tsayawa, dasashi mai jini, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, ciwon kai mai tsanani, ko faɗuwa a buga kai, duk na asibiti ne nan take. Mace kuma kar ta ɗauki ciki sai sun tsara da likita, wafarin yana illa ga ɗan tayi musamman a watannin farko, kuma in ta ga ɓatan wata ta je da sauri, kar ta tsayar da maganin da kanta.

Zazzaɓi fa

A wurinmu duk zafin jiki maleriya ne ko taifot, sai a aika yaro kemis. Ga wanda aka yi wa aikin zuciya, zafin da ya kai 38 ba na kemis ba ne. Zai iya zama ɗinki, ko huhu, ko fitsari, ko ƙwayoyin cuta sun sauka a kan sabon bawul, kuma in aka riga aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jini, gwajin sai ya fito ba komai alhali cutar tana nan. A fara zuwa a ɗebi jinin. Akwai kuma ruwa da kan taru a jakar da ke kewaye da zuciya makonni bayan aiki, alamarsa zazzaɓi kaɗan, ciwon ƙirji in an ja numfashi, kasala da haki da ke ƙaruwa, eko ne ke nuna shi, masu shan wafarin su fi kula. Haƙori kuma ƙofa ce ta cuta zuwa bawul, a riƙa goge baki, in za a yi aikin haƙori a gaya wa likitan haƙorin akwai bawul don ya ba da maganin kariya kafin ya fara.

Sai abin da ba a cika faɗa ba. Tsoho zai iya ruɗewa bayan aiki, ya kasa gane mutane, ya yi ta surutai da dare, nan da nan sai a ce iska ce ko sammu. Yawanci tiyatar ce da magunguna da rashin barci, amma in ruɗewar sabuwa ce bayan an dawo gida a kai shi a duba, don cuta ko suga ko ƙoda suna iya jawo ta. Wani kuma sai ya yi shiru, ba ci ba fira, ya ce shi ya zama kaya, Baba ya yi wannan wajen sati biyu kuma ya fi ɗinkin tayar min da hankali, don wanda zuciyarsa ta karaya ba ya shan magani ba ya tafiya. A zauna da shi, a fito da shi ƙofar gida wurin abokansa, in abin ya wuce sati biyu a faɗa wa likita, akwai taimako. Maganar iyali ma kar kunya ta hana tambaya, yawanci bayan sati 6 zuwa 8 ne.

Duk awon nan da na lissafa a littafi ɗaya za ku riƙa zubawa, irin na 'yan makaranta ya isa: kwanan wata, nauyi, suga, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki, INR in akwai, da maganin da aka sha. A bangon farko ku rubuta irin aikin da aka yi da ranar, da lambar likita, da lambar mai motar da za a iya tasa ko ƙarfe biyun dare. Ku ɗauki hoton rahoton aikin a waya, mutum biyu a gidan su riƙe, littafin kuma a tafi da shi duk ranar ganin likita, ko da majinyacin yana cewa shi garau yake jin kansa.